Waiwaye: Wa ke da asibitin mazaɓa?

Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san rubutun alli da ake bari a ƙofar gida bayan masu ɗigon foliyo, wato rigakafin shan inna, sun wuce, da tawadar da ake shafa wa yaro a ƙaramin yatsansa. An yi shekaru ana haka, gida-gida, har rugage da tashoshin mota. Amma uwar da aka ɗiga wa ɗanta magani a ƙofar ɗakinta, in zazzaɓi ya kama shi cikin dare ta goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsu, sau da yawa kwaɗo take tararwa a ƙofa. In ta yi sa'a, ta sami malamin asibiti ɗaya ya rubuta mata takarda ta je kemis. Shi ya sa iyaye suka daɗe suna tambayar masu rigakafi: me ya sa wannan kuke biyo mu da shi kyauta, maganin zazzaɓi kuwa sai mun saya? Tambaya ce mai tushe, kuma amsarta na cikin tarihin ƙananan asibitocin nan.

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi, suka kuma yi burin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. A Najeriya maganar ba ta kankama ba sai da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ya zama ministan lafiya a 1985. Ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka yawaita horar da ma'aikatan lafiya na karkara. A zamanin ne waƙar ruwan gishiri da sukari ta shiga gidaje ta rediyo, iyaye mata suka koyi ceto yaro mai gudawa da abin da ke cikin madafarsu. Zuwa 1990 allurar rigakafin yara ta kai kusan kashi 80 cikin 100. A 1992 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da kiwon lafiya a matakin farko.

Sai dai tsarin ya zo da ɓaraka a jikinsa. An damƙa ƙananan asibitoci a hannun ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi ƙarancin kuɗi da ƙwararru a matakan gwamnati uku. Ma'aikatar lafiya ta jiha ce ke tsara manufa, ma'aikatar ƙananan hukumomi na riƙe da kuɗi, wata hukumar daban ke ɗaukar ma'aikata da yi musu canjin wurin aiki, Abuja kuma ke aiko da allurai. In rufin asibiti ya yaye ko firijin ajiye allurai ya mutu, kowa sai ya nuna ɗan uwansa. Da tallafin waje ya ja baya a shekarun 1990, rigakafi ya rushe, ƙyanda ta dawo tana ɗibar yara duk bazara.

Yarda ma ta karye. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, goma sha ɗaya suka rasu, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar. Da jita-jita ta bazu a 2003 cewa ɗigon foliyo na hana haihuwa, ta sami wurin zama a zukatan da ba su manta ba. Kano ta dakatar da rigakafin, ba a ci gaba ba sai tsakiyar 2004, kafin nan shan inna ta tsallaka zuwa ƙasashen da a baya suka rabu da ita.

Daga nan ne jihohi suka fara shigowa da gaske. Jigawa ce ta yi abin da ya fi jan hankalina: a 2007 ta kafa tsarin Gunduma, ta haɗa ƙananan asibitoci da manyan asibitocin jiha ƙarƙashin hukuma guda mai gundumomi tara, ta yadda ma'aikata da kuɗi da magani suka koma hannu ɗaya. A 2009 sarakunan Arewa, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamiti kan rigakafi, masu unguwanni da dagatai suka shiga bibiyar gidajen da suka ƙi. A shekarar ce kuma aka fara tura ungozomomi karkara. Majalisar lafiya ta ƙasa ta amince a 2011 cewa kowace jiha ta tattara harkar a ƙarƙashin inuwa ɗaya, wato hukumar jiha guda da za a tuhuma in abu ya lalace. Kano ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Dangote da ta Bill Gates kan rigakafin yau da kullum, inda ake zuba kuɗi a asusu ɗaya, kason jiha na ƙaruwa duk shekara. Bauchi, Kaduna, Sakkwato, Borno da Yobe suka bi sahu. Kaduna ta ɗauki gyaran asibiti ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin 255 da take da su.

Kuɗi kuwa ya yi jinkiri. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ƙananan asibitoci da inshorar marasa ƙarfi, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka shi. Abin da ya bambanta wannan asusu shi ne wani kaso na shiga asusun asibitin kai tsaye, shugaban asibiti da kwamitin mazaɓa su sayi magani ko su gyara famfo ba sai sun yi zarya a sakatariya ba.

An ga amfanin wasu matakan. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar foliyo, nasarar da aka biya da rayuka, ciki har da mata tara masu rigakafi da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara wata-wata da damina shi ma ya karɓu. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma yara 187 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar, kuma a Sakkwato kashi 5 cikin 100 kacal suka sami cikakken rigakafi. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 cuta ce da allurarta ke cikin jadawalin jarirai tun da daɗewa. A ganina an fi ƙwazo wurin gini da fenti, don su ake buɗewa da almakashi, alhali abin da mai naƙuda ke nema da ƙarfe biyun dare shi ne ungozoma mai wurin kwana a harabar asibiti, da fitila, da ruwa.

Yanzu kuma tsohuwar tambayar nan ta wa ke da asibitin mazaɓa ta dawo. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jihohi da dama kuwa daga wannan kuɗin suke cirar albashin ma'aikatan ƙananan asibitoci su miƙa wa hukumar jiha. Yadda za a daidaita hukuncin da tsarin inuwa ɗaya, shi ne zai nuna wanda zai biya ungozomar mazaɓa a ƙarshen wata.