Ƙagaggen Labari a Zamanin Littafi Mai Tsarki: Ina Iyakar Marubuci?

Wane irin labari ne wannan?

Labari ne da marubuci ya ƙaga, amma ya dasa shi a zamanin annabawa ko na Yesu Almasihu da manzanni. Garuruwan na gaske ne, sarakunan ma haka, sai dai jarumin kan fito daga kan marubuci. Sanannen misali shi ne Ben-Hur na Lew Wallace, wanda ya fito a Amurka a 1880, labarin wani Bayahude ɗan manyan gida da Romawa suka mayar bawa mai tuƙa jirgin ruwa.

Wannan ba ƙari ba ne a kan Maganar Allah?

Masu wannan fargaba suna da hujja, ni ma ba na raina ta. Amma dubi Saminu Bakurane, wanda aka tilasta wa ɗaukar gicciyen Yesu. Aya ɗaya tak Markus ya ba shi a Linjilarsa: daga ƙauye yake shigowa, kuma shi ne uban Iskandari da Rufas. Kurane kuwa tana ƙasar Libiya ta yau. Me ya kawo shi Urushalima? Me ya faɗa wa 'ya'yansa da ya koma gida? Nassi bai ce komai ba, nan ne filin marubuci. Abin da ba na yarda da shi shi ne a sa wa Yesu sabuwar koyarwa a baki, ko a murɗe abin da aka riga aka rubuta don labari ya yi daɗi.

Daga ina ake samo yadda mutanen suka rayu?

Daga Nassin kansa, da rubuce-rubucen Josephus, masanin tarihi Bayahude da ya ga rushewar Haikalin Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, da kuma abin da masu tono suka gano. A 1961 an sami dutse mai ɗauke da sunan Bilatus, gwamnan Romawa da ya yanke wa Yesu hukunci, a Kaisariya. A 1986 fari ya janye ruwan Tekun Galili, sai ga wani tsohon kwalekwale na wancan zamani kwance cikin laka, tsawonsa kusan mita 8. Wanda zai rubuta daren kamun kifin Bitrus ya fara duba hoton kwalekwalen nan tukuna.

Ta yaya zan gane wanda bai yi bincike ba?

Leƙa tukunyarsa. In ka ga tumatir ko masara ko barkono, ya yi tuntuɓe, domin daga nahiyar Amurka suka fito, bayan 1492. Abincin talakan Galili gurasar sha'ir ce da kifi da man zaitun, lebura kuma dinari guda yake karɓa a wuni.