Mene ne hutun iyali mai albashi?

Kalmar "hutu" ce ke rikita mutane a nan. Duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti yana jinyar mahaifiyarsa, ana tashinsa tsakar dare ya sayo magani, ya san babu hutu ko kaɗan a cikin wannan zama. Abin da ake nufi shi ne ma'aikaci ya ajiye aiki na wasu makonni saboda haihuwa, ko renon jariri, ko jinyar wani nasa da ciwo ya kwantar, albashinsa na shiga, duka ko wani kaso, kuma in ya dawo ya tarar da gurbinsa yana jiransa.

Kuɗi da gurbi ba kullum suke zuwa tare ba. A Amurka, dokar da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993 ta bai wa ma'aikaci makonni 12 ya kula da jariri ko majinyacinsa ba tare da an kore shi ba, amma ko sisi ba ta ce a biya shi ba, kuma kamfanoni masu ma'aikata ƙasa da 50 ba sa ciki. Mai hannu baka hannu ƙwarya ina zai iya wata uku babu albashi? Jihar Kalifoniya ce ta fara toshe wannan giɓi da dokarta ta 2002, aka soma biya a 2004 daga asusun da ake tarawa da ɗan abin da ake cira a albashin ma'aikata.

A ganina, wanda zai biya shi ne ƙashin bayan zancen. Idan aka ɗora wa mai kamfani shi kaɗai, sai ya riƙa gudun ɗaukar mata masu shekarun haihuwa. Shi ya sa yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta nemi aƙalla makonni 14 na hutun haihuwa da kashi biyu cikin uku na albashi, kuma kuɗin su fito daga asusun inshora ko na gwamnati.

A Najeriya dokar ƙwadago ta bai wa mai jego makonni 12 da aƙalla rabin albashi, matuƙar ta yi wata shida tana aikin. Ma'aikatan tarayya mata na samun aƙalla makonni 16, maza kuma an amince musu da kwana 14 a 2021. Legas da Kaduna sun kai wata shida ga ma'aikatansu mata. A Nijar makonni 14 ne.

Duk wannan na haihuwa ne. Mai jinya fa? Dokar ƙwadagon Najeriya ta tanadi kwana 12 na aiki a shekara idan ma'aikaci da kansa ne ba shi da lafiya, amma ba ta ware komai ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama mahaifinsa ba. Sai roƙon oga, ko a cinye hutun shekara. Wannan na damuna ƙwarai, domin a asibitocinmu dangi ne ke wanke majinyaci, su ciyar da shi, su juya shi, kuma galibi mata ne. Mai suyar ƙosai da tela da ɗan achaba ma ba su da ogan da za su roƙa. Ranar da suka tafi jinya, ranar cinikin ya tsaya.