Me ake nufi da injin “big block”?

Tun da gajerun bidiyon tsofaffin motocin Amurka suka cika TikTok da Facebook, kalmar “big block” ta shiga bakin masu sha'awar motoci, har ta kai duk injin silinda takwas da ya yi ruri sai a laƙaba masa ita, ko da na Land Cruiser ne, alhali kamfanin Toyota bai taɓa raba injinansa da wannan suna ba. Cewa ana nufin babban bulok, wato gangar jikin inji da aka zuba da ƙarfe wadda silindoji suke ciki, wannan kowa ya sani. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu sharhi suke ɗaukar kalmar a matsayin ma'aunin lita ko ƙarfin doki, kamar akwai wani adadi da inji zai haura ya zama babba. Babu wannan adadi, kuma wanda ya yi niyyar cusa irin wannan inji cikin ƙaramar mota shi ne zai fara ɗanɗana kuɗar wannan rashin fahimta.

Sunan ya samo asali ne daga kamfanonin da suke ƙera iyali biyu na injin V8, wato mai silinda takwas, a lokaci guda. Chevrolet ya fitar da V8 ɗinsa mai kubik inci 265 a 1955, sannan a 1958 ya kawo wani iyali dabam mai 348 domin manyan motoci da na ɗaukar kaya, wanda sabon tsari mai 396 ya gaje shi a 1965. Samuwar na biyun ce ta sa aka fara kiran na farkon ƙarami. Abin da ya raba su shi ne tazarar da take tsakanin tsakiyar wannan silinda da tsakiyar na kusa da shi: inci 4.40 a ƙaramin, inci 4.84 a babban. Wannan tazara ita take yanke tsawon bulok, da kaurin bangon silinda, da girman bawul ɗin da za su iya zama a kansa. Lita kuwa, ko kubik inci kamar yadda Amurkawa suke aunawa, lissafin sararin da fistin yake sharewa ne kawai a cikin silinda. Turmi biyu suna iya cin mudu ɗaya na gero, alhali ɗaya daga ƙaton gungume aka sassaƙa shi, ɗayan kuma ƙaramin icce ne aka rarake har bangonsa ya yi siriri.

Shekarar 1970 ta isa hujja. A wannan shekara Chevrolet ya faɗaɗa ƙaramin bulok har ya kai kubik inci 400, kimanin lita 6.6, wato ya zarce babban bulok mai 396 da aka sayar shekaru biyar a jere. A shekarar dai aka ɗan ƙara faɗin silindojin 396 ɗin ya koma 402, amma saboda sunan SS 396 ya riga ya karɓu a kasuwa, sai aka bar tambarin 396 a jikin motar Chevelle, a wasu motocin kuma aka kira injin nan 400. Saboda haka mai sayen motar Monte Carlo ta Chevrolet a 1970 yana iya zaɓar injin Turbo-Fire 400 ko Turbo-Jet 400, kuma ko kaɗan ba su haɗa iyali ba. Faɗin silindarsu kusan ɗaya ne, wajen inci 4.125, tafiyar fistinsu ma bambancinta bai taka kara ya karya ba, amma na farkon ƙaramin bulok ne mai ƙarfin doki 265, na biyun babba mai 330. Domin a samu wannan faɗi a cikin ƙaramin bulok sai da aka manne silindoji da juna, babu hanyar ruwa a tsakaninsu, aka huda ƙananan ramuka domin tururi ya samu mafita, shi ya sa injin ya yi ƙaurin suna wajen ɗaukar zafi idan aka ɗora masa kan silinda marar waɗannan ramuka. Babban kuwa yana da sauran nama da za a ci gaba da rarakewa, kuma a shekarar nan aka fitar da shi da 454, lita 7.4.

Kamfanin Pontiac ma bai shiga wannan rabo ba, domin bulok mai girman waje iri ɗaya ya yi amfani da shi daga kubik inci 326 har zuwa 455. Injin Corvette Z06 na 2006 kuwa lita 7 ne cur, mai ƙarfin doki 505, kuma ƙaramin bulok ne.

Inda kalmar take da nauyi na gaske shi ne lokacin da aka buɗe bonet ɗin ƙaramar mota irin su Chevy Nova ko Dodge Dart ko Mustang ta farko. A cikin ɗakin injinsu akwai tudun ƙarfe hagu da dama inda shokozoba yake zama, kuma faɗin da ya rage tsakaninsu an auna shi ne da injin silinda shida ko ƙaramin V8. Babban bulok na Chevrolet ya fi ƙaramin nauyi da kimanin kilo 50, ya fi shi faɗi da tsayi, bututun hayaƙinsa kuma suna neman wurin da sandar sitiyari da famfon birki suka riga suka mamaye. Daga nan sai buƙatu su biyo juna: lagireto mai girma, sifirin gaba mai tauri, giyabos da aksul na baya da za su iya jure murɗawar injin, da birkin da zai tsayar da abin da aka ƙera. Kamfanonin da kansu sun sha wannan wahala. Ford sai da ya faɗaɗa jikin Mustang a 1967 kafin inji mai 390 ya shiga, Nova kuma ba ta samu 396 daga masana'anta ba sai a 1968, bayan an sake mata tsarin gaba. Motar Barracuda mai injin 383 ta 1967 ta fito ba tare da sitiyari mai taimakon famfo ba saboda babu wurin sa shi, kuma matsewar bututun hayaƙi ta rage ƙarfin injin zuwa doki 280.

Da Ford ya so a amince masa da injin Boss 429 a gasar tseren motoci ta Amurka da ake kira NASCAR, dokar gasar ta ce sai ya sayar da aƙalla motoci 500 masu ɗauke da shi, sai ya tura Mustang ɗin 1969 zuwa kamfanin Kar Kraft a jihar Michigan, inda aka sake gina tudun shokozoba domin a samu fili, aka mayar da batir cikin but. Dodge Dart mai injin Hemi 426 ta 1968, wadda kamfanin Hurst ya harhaɗa kimanin guda 80, an yi mata aikin da ya fi wannan tsauri, domin da guduma aka daddake tudun ɓangaren dama har kan injin ya samu shiga, sannan aka sayar da ita babu garanti, a kan cewa ta filin tsere ce.

A ganina, wannan shi ne abin da masu yayata kalmar suke tsallakewa. Waɗannan motoci sun fi dacewa da miƙaƙƙen tseren rubu'in mil, inda babu kwana, amma a kan titi mai kwana hancin motar yana rinjayar ta, tayoyin baya kuma su yi ta juyawa a banza saboda babu nauyin da zai danne su. Wanda yake gina injin da zai wuce lita 8 yana da dalilin neman babban bulok, domin da wuya ƙaramin ya samu wurin da zai kai can, kuma Chevrolet yana sayar da mai kubik inci 572 shi kaɗai a cikin akwati, ba tare da mota ba, domin irin waɗannan mutane. Wanda kuwa doki 400 ko 500 yake nema a cikin Nova, ƙaramin bulok na zamani da aka zuba da alminiyon zai ba shi su ba tare da an yanka jikin motar ba, kuma da yawa daga masu zaɓar babban a yau suna biyan kuɗin walda da na fetur ne domin a buɗe bonet a ga injin ya cika ɗaki daga bango zuwa bango.