Laushin tafiya a motar gudu: taya da ƙafafun mota

Laushin tafiya shi ne gwargwadon yadda mota ke shanye gargada da ramukan hanya kafin su iso jikin wanda ke ciki. Motar gudu, irin su Porsche 911 da Chevrolet Corvette da Mazda MX-5, an ƙera ta ne don ta riƙe kwana, ta kuma bi sitiyari nan take, shi ya sa ake yi mata gajerun ƙafafu masu tauri, wato sassan da ke haɗa taya da gangar mota. Ana iya sassauta wannan tauri ba tare da motar ta rasa riƙonta ba, ta hanyar taya da rim da sifirin da shokabzoba da bushin. Masu mota da yawa kan ɗora wa sifirin laifi, alhali sau tari matsalar tana ga taya, ko shokabzoba, ko kuma ƙarancin filin da ƙafa za ta motsa.

Abin da jiki ke ji

Girgiza iri biyu ce. Akwai lilon gangar motar a kan sifirin, wanda a motar gida yakan kai sau 1 zuwa 1.5 a sakan, a motar gudu kuma ya haura haka. Akwai kuma tsallen taya ita kanta, mai saurin kusan sau 10 zuwa 15 a sakan. Jikin mutum a zaune ya fi jin girgizar sama da ƙasa idan ta faɗo tsakanin sau 4 zuwa 8 a sakan, kuma a nan ne gajiyar doguwar tafiya ke taruwa. Aikin injiniya shi ne ya nisanta motsin mota daga wannan tsakani.

Taya

Taya ce ke fara karɓar duka, kuma gefenta, wato robar da ke tsakanin rim da kwalta, sifirin ne mai zaman kansa. Lambobin da ke jikinta suna faɗin komai. A taya mai lamba 245/40 R18, faɗinta milimita 245 ne, tsayin gefen kashi 40 cikin 100 na faɗin, wato milimita 98, rim ɗin kuma inci 18. Idan aka saka 245/35 R19, gefen ya koma kusan milimita 86. Idan aka sauko zuwa 245/45 R17, ya kai milimita 110. Dukan ukun tsayinsu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, wajen milimita 653, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba. Amma tsakanin ta 17 da ta 19 akwai bambancin roba da iska na milimita 24, kuma direba zai ji shi a kan kowace tsagar kwalta. Rage girman rim da inci ɗaya na daga cikin gyare-gyaren da suka fi biyan kuɗinsu. Sharaɗin kawai shi ne rim ɗin ya rufe birki ba tare da ya goge shi ba, domin motocin gudu na da manyan birki.

Taya mai gajeren gefe ta yaɗu ne tun tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kamfanin taya na Pirelli ya fito da tayarsa P7. Tana da amfaninta: ba ta lanƙwashewa a kwana. Sai dai a yau yawancin manyan rim don kyan gani ake sayensu.

Tayar da ke iya tafiya bayan ta yi faci, wadda BMW ya daɗe yana sakawa a motocinsa, an ƙarfafa gefenta don ya ɗauki nauyin mota babu iska, yawanci har kilomita 80 a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. Wannan ƙarfin ne ke sa ta dukan ƙashi. Wanda ya canza ta da taya ta yau da kullum zai sami laushi, amma ya tuna galibin irin waɗannan motoci ba su zo da safaya ba.

Iska kuwa, adadin da kamfanin mota ya rubuta a jikin ƙofar direba shi ne abin bi, kuma a auna taya tana da sanyi. Lambar da ke gefen taya iyaka ce, ba umarni ba. Cika iska fiye da kima na sa mota tsalle. Rage ta ƙasa da ƙa'ida don neman laushi haɗari ne, saboda taya za ta yi zafi, ta cinye gefe, rami kuma ya iya lanƙwasa rim.

Nauyin da sifirin bai ɗauka ba

Taya da rim da birki suna ƙasan sifirin, don haka duk lokacin da suka ci karo da tudu, nauyinsu ne ke tunkuɗo mota. Rim marar nauyi ya fi saurin bin hanya, ya kuma sauƙaƙa wa shokabzoba aiki.

Sifirin da shokabzoba

Sifirin ke ɗaukar nauyi, shokabzoba kuma ke kashe lilo ta hanyar matsa mai ta ƙananan kafofi. Dole su dace da juna. Sifirin mai tauri da shokabzoba mai rauni kan sa mota ta yi ta tsalle bayan tudu, shokabzoba mai tsananin tauri kuma ya miƙa kowane ƙaramin dutse kai tsaye ga kujera. Shokabzoba da ya tsufa yana kawo duka biyun. Tun shekarun 1930, injiniya Maurice Olley na kamfanin General Motors ya nuna cewa idan lilon baya ya ɗan fi na gaba sauri, mota kan sauka a daidaice bayan tudu, maimakon ta riƙa sunkuyo da ɗagowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saka gajeren sifirin don a sauke mota ƙasa. A kowace ƙafa akwai wata roba da ke tare ta idan ta zo ƙarshen motsinta. Motar gudu dama filin nata kaɗan ne, to idan aka sake rage shi, sai ta koma tafiya a kan robar nan, kamar jaki da aka yi wa lodi har ya kasa miƙe ƙafa. Babu shokabzoba mai tsada da zai gyara wannan, sai an mayar da tsayin.

Cewa sai mota ta yi tauri za ta riƙe hanya, zance ne da ba ya tsayawa a kan kwalta mai gargada, domin tayar da ke tsalle a iska ba ta riƙe komai. Kamfanin Lotus, tun zamanin wanda ya kafa shi, Colin Chapman, da motarsa Elan ta 1962, ya bi hanyar mota marar nauyi da sifirin mai sassauci da shokabzoba da aka saita da kyau. Alpine A110 ta 2017, mai nauyin kusan kilo 1,100, ta bi wannan sawu.

Akwai kuma shokabzoba mai sauya taurinsa da lantarki. MagneRide, wanda kamfanin Delphi ya ƙera, ya fara fitowa a Cadillac Seville STS a 2002, ya shiga Corvette a 2003. Man da ke cikinsa na ɗauke da ƙananan ɓurɓushin ƙarfe, waɗanda maganaɗisu ke jerawa su ƙara masa kauri cikin ƙiftawar ido. Porsche na da nasa tsarin mai suna PASM.

Sitabilaiza da bushin

Sitabilaiza sandar ƙarfe ce da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama don hana mota kwantawa a kwana. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, ba ruwanta. Idan ɗaya ce ta faɗa rami, sandar kan ja ɗayar, kan direba ya riƙa kaɗawa hagu da dama. McLaren ya cire ta gaba ɗaya a motarsa MP4-12C ta 2011, ya haɗa shokabzoba huɗun da bututun mai.

Bushin na roba, a mahaɗar ƙafa da gangar mota, shi ke tace ƙara da kakkarwa. Masu neman kaifin sitiyari kan musanya shi da na roba mai tauri ko na ƙarfe zalla, sai ƙarar hanya ta cika cikin mota. Duk lokacin da aka canza bushin ko sifirin ko tsayin mota, sai an sake saita ƙafafun a kan na'ura, in ba haka ba taya za ta ci gefe ɗaya.