Yuri Knorozov da Rubutun Maya: Tambayoyi da Amsoshi

Wane ne Knorozov?

Masani ne ɗan Tarayyar Sobiyet. An haife shi a 1922 kusa da Kharkiv, ya yi aikinsa a Leningrad, ya rasu a 1999. A 1952 ya wallafa maƙalar da ta nuna yadda ake karanta rubutun mutanen Maya na Meziko da Gwatamala, alhali ko sau ɗaya bai taɓa taka ƙasarsu ba. Sai a 1990 ya samu ya je Gwatamala.

Me ya sa rubutun ya gagari masana?

Masu iya karanta shi sun ƙare bayan zuwan Turawan Sifen. A 1562 wani malamin coci, Diego de Landa, ya cinna wa littattafan Maya wuta a garin Maní, kuma huɗu kacal aka sani suna nan yau. Shi dai Landa ɗin ya bar jerin alamomi da ya ɗauka abacada ce. Masana suka gwada, abin ya ƙi, suka watsar.

To me Knorozov ya hango?

Ya gane cewa Landa da marubucin Maya da ya tambaya ba su fahimci juna ba. Landa yana kiran sunan harafi da Sifaniyanci, marubucin kuwa yana zana sautin da kunnensa ya ji. Da aka ce masa "be", sai ya zana sawun ƙafa, domin a harshensa "be" hanya ce. Ashe alamomin gaɓoɓi ne, baƙi haɗe da wasali.

Sai ya koma littattafan. Kusa da hoton talotalo ya karanta "ku" da "tzu", wato "kutz", sunan talotalo ke nan a harshen Maya na yankin Yukatan a Meziko. Kusa da hoton kare alamar "tzu" ta sake fitowa, "lu" na biye da ita: "tzul", kare. A ganina nan ne gwanintarsa take, hoton da kansa ya ba shi shaida.

An karɓi maganarsa?

Ina! Eric Thompson na Ingila, wanda bakinsa ke da ƙarfi a fagen, ya yaƙe ta har ya rasu a 1975. Gaskiya ne Knorozov ya yi kuskure a wasu alamomin, amma bai dace a yar da hanyar gaba ɗaya saboda su ba, kuma yaƙin cacar baka tsakanin Sobiyet da ƙasashen Yamma ya ƙara dagula lamarin. Daga shekarun 1970 matasan masana suka bi sawunsa, yanzu ana karanta mafi yawan rubuce-rubucen, har da sunayen sarakuna da ranakun hawansu mulki.