Ramukan HDMI Biyu, Na'urori Biyar: Yadda Za Ka Jona Su Duka Da Talabijin Ɗaya

Yawancin talabijin masu matsakaicin kuɗi da ramin HDMI biyu ko uku suke zuwa, wato ramin da hoto da sauti suke shiga ta waya ɗaya. Gida kuwa ga dikodar DStv ko StarTimes, ga PlayStation, ga Xbox ɗin da ƙane ya kawo, ga kwamfutar da ake kallon fim da ita, wani ma har yanzu bai rabu da tsohuwar PS2 ɗinsa ba.

Me zai hana in riƙa zare waya ɗaya ina jona wata?

Babu abin da zai hana, sai dai ramin ne zai ji jiki. A cikin kowane ramin HDMI akwai 'yan ƙarafa 19 sirara, kuma da dalma aka liƙa shi a kan allon cikin talabijin. Idan talabijin ɗin a bango take, kullum mutum yana cusa hannu ta baya yana lalube, yana tura waya a karkace, wata rana ramin zai saki, hoto ya fara ɗaukewa yana dawowa. Sannan a gidan da ba a yi wa wayoyin wuta mahaɗin ƙasa ba, jona HDMI alhali na'urorin suna kunne yana iya ƙona ramin nan take. In dai dole sai ka riƙa zarewa, sayi gajeriyar wayar ƙari ka bar ta a jone, ita ta riƙa shan wahalar, kuma ka kashe soket kafin ka taɓa.

To wace na'ura ya kamata in saya?

Siwic ɗin HDMI. Ɗan akwati ne mai ramukan shiga uku, ko huɗu, ko biyar, da ramin fita guda ɗaya da zai tafi talabijin. Ka danna maɓalli ko rimot, ka zaɓi na'urar da kake so ta fito.

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu, domin akwai wani akwatin mai kama da shi sak, wato sifilita, amma aikinsa akasin haka ne. Sifilita hoto ɗaya take karɓa ta raba shi ga talabijin da yawa. Ita ce masu gidan kallon ƙwallo suke amfani da ita su watsa wasa ɗaya daga dikoda ɗaya zuwa allo uku. Ba za ta haɗa maka PS4 da dikoda a talabijin ɗaya ba ko da za ka kwana kana jujjuya wayoyi. Kada ka dogara da sunan da mai shago ya kira ta, juya akwatin ka ƙirga: shiga da yawa, fita ɗaya, shi ne naka.

Kowane siwic zai yi?

A'a, ya danganta da abin da za ka jona. HDMI 1.4, wanda ya fito a 2009, yana ɗaukar 1080p, wato cikakken hoton HD, lafiya lau, amma 4K ɗinsa, hoton da ya fi wancan fitowa tas, hoto 30 ne kawai a daƙiƙa. HDMI 2.0 na 2013 ya kai 4K da hoto 60. HDMI 2.1 na 2017 shi ne mai kaiwa 4K da hoto 120. Saboda haka mai PS3, ko PS4 ta farko, ko Nintendo Switch ta 2017, ko dikodar HD, siwic mai araha ya ishe shi, tunda duk ba sa wuce 1080p. PS4 Pro da Xbox One X suna buƙatar mai 2.0.

PS5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a Nuwamban 2020, su ne masu cin 2.1. Shawarata a nan ita ce kada ka wahalar da kanka neman siwic mai tsada saboda su. Jona na'urar da ta fi kowace ƙarfi kai tsaye a rami mafi kyau na talabijin, sauran ka tara su a siwic a ɗaya ramin. Idan kuwa talabijin ɗinka ba 4K ba ce, duk wannan lissafin bai shafe ka ba.

Sannan ka zaɓi siwic mai wayar wutarsa daban. Akwai masu jan wuta daga jikin wayar HDMI, kuma ɗan abin da ke zuwa ta nan ba ya isar su kullum, sai ka ga hoto yana ƙyaftawa ba gaira ba dalili.

An ce akwai mai sauya kansa da kansa. Ya fi?

A takarda ya fi. Da ka kunna na'ura, sai ya ji alamar wuta ta shigo ya koma kanta. Matsalar ita ce na'urorin yanzu ba sa mutuwa gaba ɗaya. Dikoda ko na'urar gem da aka bari a yanayin barci takan ci gaba da tura wannan alamar, ko ta farka don sauke sabuntawa, sai siwic ya ɗauka kiransa aka yi. Kana tsakiyar wasan ƙwallo, ka nufi raga, allo ya koma tashar labarai. Nemi wanda ake iya kashe masa wannan aikin, mai rimot, shi ne zaman lafiya.

Siwic yana jawo jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin hoto?

Siwic zalla ba ya sarrafa hoto, wuce da shi kawai yake yi, don haka ba za ka ji wani jinkiri daga gare shi ba. Talabijin ce mai jawo jinkirin, lokacin da take ƙoƙarin gyara hoto, kuma maganinsa kunna saitin gem. Sai dai fa yawancin talabijin kowane rami da saitinsa, kuma yanzu duk na'urorin siwic rami ɗaya suke bi. Shi ya sa ya fi dacewa a tara na'urorin gem a siwic, a ba ramin saitin gem, dikoda ta samu nata ramin.

Tsofaffin na'urori fa, masu waya rawaya da ja da fara?

PS2 ta 2000 da Nintendo Wii ta 2006 ba su da HDMI, haka ma Xbox 360 na farko-farko. Idan talabijin ɗinka tana da ramukan AV, wato na waɗannan wayoyi uku, siwic ɗin AV mai maɓallan dannawa ya wadatar, ko wuta ba ya ci. Idan kuma akwai ramuka biyar, kore da shuɗi da ja na hoto da biyu na sauti, nemi wayar da ta dace da su, domin hoton PS2 ya fi fitowa tas ta nan nesa ba kusa ba.

Talabijin da ba ta da AV sam sai da kwanbata mai mayar da AV zuwa HDMI. Ita tana sarrafa hoto, don haka masu araha sukan kawo ɗan jinkiri da dishi-dishi. Masu tara tsofaffin na'urori da gaske sukan sayi irin su RetroTINK ko OSSC, amma kuɗinsu yakan fi na PS2 ɗin kanta. Ka kuma duba alkiblar kwanbatar, don mai mayar da HDMI zuwa AV ba ta yin akasin haka.

Abu biyu game da kayan gwanjo daga Amurka ko Japan. Tsarin hotonsu NTSC ne, namu a Nijeriya PAL, shi ya sa wata talabijin take nuna su baƙi da fari. Na biyu ya fi haɗari: wasunsu, kamar babbar PS2 da cajar Wii da ta Xbox 360, wutar 100 zuwa 120 aka yi su da ita, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce. Karanta rubutun da ke jiki kafin ka jona, in ba haka ba ƙauri za ka ji. PS4 da PS5 suna karɓar kowacce.

Ramin da aka rubuta wa ARC na mene ne?

Shi ne mai mayar da sautin talabijin zuwa sifika. Yana aiki kamar kowane rami in ba ka da sifika. In kana da ita kuma ramuka sun yi ƙaranci, duba ko talabijin da sifikar suna da ramin oftikal, wanda sauti kaɗai yake ɗauka, ka bi da sautin ta nan, ARC ya zama na hoto. Manyan amfilifaya na gida kuma da yawansu suna da ramukan HDMI huɗu ko fiye, su kansu siwic ne.

Na jona komai daidai, amma allo baƙi ƙirin. Ina matsalar?

Fara da jona na'urar kai tsaye a talabijin. In hoto ya fito, to siwic ne ko waya. Sauya wayar da ke tsakanin siwic da talabijin da gajeriya mai kyau, tunda ita ce ke ɗaukar nauyin kowa. In har yanzu shiru, mai yiwuwa HDCP ne, tsarin hana kwafar fina-finai da ke sa na'ura ta tantance talabijin kafin ta saki hoto, kuma 4K yana neman siwic mai HDCP 2.2. Kashe komai daga soket, ka kunna talabijin, sannan siwic, na'urar gem a ƙarshe. A PS4 da PS5 ana iya kashe HDCP a cikin saiti, gem zai fito, amma Netflix da makamantansa ba za su buɗe ba sai ka mayar da shi.