Ilimin masu buƙata ta musamman ba na makarantar kurame kaɗai ba ne

Da ka ce za ka yi digiri na biyu a wannan fanni, sai abokan aiki su tambaya: “Malam, makarantar kurame za ka koma?” Tsohuwar fahimta ce, kuma tana cutar da yara.

Leƙa aji a Rigasa. Ga yarinya tana rikita “b” da “d” har aji huɗu, ana ce mata daƙiƙiya, alhali matsalar karatu ce da ake iya ganowa a taimaka mata. Fannin ya ƙunshi irinta, da masu galahanga, har da masu hazaƙa ta musamman, waɗanda aka buɗe wa makaranta a Suleja.

Jami'ar Bayero da ta Jos duk suna da sashen. Ni dai malamin makarantar gama-gari nake fara ba shawarar ya nema, domin yaran suna gabansa kullum.